Kafaɗar Surukina

Ku ajiye telefon ɗin nan tukuna, na gani. Mutum ya kwanta bisa tebur, wani mai farar riga ya kama mishi kai ya murɗe, anka ji ƙas, kowa ya yi tafi. Tun shekaranjiya nake kallonku a gindin darbejiya kuna murɗe ma juna wuya, kuna cewa ai aikin Habboba ke nan, wato ni kakarku, babu komai cikinsa sai ƙarfin hannu. To ku zauna ku ji. Amma tun yanzu in gaya maku, wanda ya sake taɓa wuyan ɗan'uwansa a gidan nan da tabarya zan bi shi, ko ɗan wane ne.

Larabawan da muke noma tare suna ce mani basira, mu kuwa a gida mai ɗori muke cewa. Kaina ya yi fari cikin wanga aiki, kuma ban taɓa murɗa wuyan ɗan Adam ba. Ƙarar da kuke so ku ji, ɗan yatsana ma in na ja shi zai yi ta, ba kuwa ciwo yake ba.

Aikina na farko wata mata ce mai tsinkar auduga, ta zame a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan noma, da tulu bisa kai, gwiwar hannunta ta goce. Lokacin ko aure ban yi ba. Babana shi ne mai ɗorin ƙauyenmu, can wajen Managil, kuma ba ya taɓa jikin matar wani ko sama da ƙasa za su haɗe. Da can ƙanwarsa ke zame mishi hannu, sai ta yi aure ta tafi Sinja. Ran nan ya dube ni ya ce in wanke hannu in shiga. Ya zauna bayan zana, ni da matar muna ciki, tana ta salati.

Ya ce, "Mi kinka ji?"

Na ce, "Baba, ya kumbura."

"Jakin da ya kawo ta ma ya ga ya kumbura. Saki wanga hannu, kama mai lafiyar. Bi shi da yatsa tun daga kafaɗa. In kin iso gwiwa, kan ƙashi nawa ya tsaya miki?"

Na laluba, na ce uku.

"To koma ga mai ciwon, ki faɗa mani wanne ya bar gidansa."

Haka munka yi ta yi, yana tambaya ina lalube, har rana ta take. Bai bar ni na ja ba sai da na iya faɗa mishi da baki inda kowane ƙashi yake, da inda ya kamata a same shi. Da gwiwar ta koma na fito ina washe baki, ina jiran ya yaba. Ko kallona bai yi ba. Ya ce in koma in danna farcenta in ga ko jini na dawowa, in tsunkuli kowane yatsa in tambaye ta ko ta ji.

Duk layya ƙafafun ragon gidanmu nawa ne, ba don in ci ba. Baba zai ɗaure mani ido da gyale, ya ba ni gaɓa, in raba ta in mayar, in raba in mayar, har maiƙo ya cika mani hannu. Yara na can suna wawar soye, ni ina zaune da gwiwar rago kamar wadda anka yi ma baki. Sai da na yaye 'ya'ya biyu kafin ya yarda in yi aiki ba ya zaune bayan zana.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan kuna tsallake su kullum. Angareb, gadon nan mai igiya a ɗame, don in ta saki jikin mutum na lotsawa, ba za ka san inda ƙashi yake ba. Man riɗi, a ɗumama shi kaɗan. Farin yadin damuriya, wanda ba ya santsi, a yage shi tsaye. Tsagin gora da na kankare da kaina, don karaya. Sai tsohuwar jarkar nan da kuke cewa in jefar. Hannuna kuwa ba zobe, ba farce, kuma ba na taɓa mutum da hannu mai sanyi, don da ya zabura naman jikinsa ya ƙulle, aiki ya lalace tun ba a fara ba.

An taɓa kawo mani wani ladani da ya yi hamma bayan asuba, muƙamuƙinsa ya fita, baki a buɗe, yawu na zuba bisa gemu. Mutum mai daraja, yara na biye da shi suna dariya. Na naɗe manyan yatsuna da tsumma, na sa su bisa turamen haƙoransa, na danna ƙasa, na tura baya. Tsumman nan ba ado ba ne, in baki ya koma da ƙarfi yake rufewa, wanda bai sani ba sai ya bar yatsa ciki. Yara ƙanana kuwa ba sa ƙirguwa. Uwa za ta fizgi hannun yaro ta tsallakar da shi ruwan hawasha, 'yar hanyar ruwan da ke shayar da gona, ya iso gida hannu a sake yana ihu. Wannan juyi guda ne, in ka san inda za ka aza babban yatsa. Lokacin tsinkar auduga bayan mutane ke zuwa mani, sun wuni a duƙe. In shafa mai, in bi jijiya, in miƙar da su a hankali. Wani bayansa ya yi ƙara, wani bai yi ba, kuma duka biyun su tashi su tafi gona.

Akwai kuma wanda ba na taɓawa. Wani yaron mota ya faɗo daga saman lori, anka kinkimo shi a bargo, sun ce in ja mishi baya. Na tsunkuli ƙafarsa, ya ce bai ji ba. Na sa anka cire ƙyauren ɗakina, anka kwantar da shi bisa, na ce mustashfa, wato asibiti, yanzu, kuma kada wanda ya lanƙwasa shi. 'Yan'uwansa sunka zage ni tas, wai tsohuwa ta ji tsoro. Ƙwarai na ji tsoro. Likita yana da na'urar hoto, yana ganin abin da yatsana ke tsammani kawai, kuma duk shekarun nan in abu ya fi ƙarfina can nake turawa, in kwana lafiya.

To sai shekarar yaƙi ta zo, babu inda za a tura kowa.

Kun san yadda munka bar ƙauye, ba sai na maimaita ba. Munka gangaro nan bakin kogi, gaba da Abu Na'ama, wajen wani ɗan'uwana tsoho da ido ya mutu mishi. Ya ba mu ɗaki biyu da wata gonar damina da ya daina nomawa. Ba mu daɗe ba hanyar Sinja ita ma ta rufe. Mu ne ni, da ɗiyata ta fari, da 'ya'yanta, da mijinta. Ɗiyar fari ba a faɗin sunanta, ni Ta Gwaggo nake ce mata, don Gwaggo ta raine ta. Mijin kuwa uban Amna nake ce mishi, da sunan babbar ɗiyarsu. Namiji mai ƙarfi shi kaɗai ne a gidan. Shi ya share gonar nan, ya shuka riɗi da irin da ya roƙo, kuma duk abin da za mu ci har wata damina yana cikin riɗin nan, don shi za mu kai a musanya mana da dawa.

Ku yaran yanzu kuna zama da surukanku kuna shan gahawar jabana a kofi guda, har da tafa hannu. Mu ba haka munka tashi ba, uban Amna kuwa ya fi kowa. Tun da ya auri Ta Gwaggo bai taɓa kallon fuskata ba, bai taɓa cin abinci inda nake ba. In ya hango ni a hanya sai ya ratse cikin dawa. Da safe zai zo bayan zana ya tsuguna ya gaishe ni, in amsa daga ciki. In akwai magana, matarsa ke kai ta ta kawo. A ƙauye wannan da sauƙi, gidansa daban nawa daban. A nan kuwa tsakar gida guda, ƙofa guda, mutumin nan ya zama kamar ɓarawo a gidansa, yana leƙe kafin ya fito.

Riɗi ya fara ja, ganye na zuba, sai ya faɗo daga karo, keken jakin nan. Jakin ya firgita a gangare, shi kuwa ya dafa ƙasa da hannun dama. Kafaɗa ta fita. Mai ɗori na kwana a ɗakin da ke jikin nasa, amma ya rantsar da matarsa kada ta gaya mani. Ina zai cire riga a gaban surukarsa? Sai ya tafi wajen samari, sunka kwantar da shi a ƙasa, wani ya danne ƙirji, wani ya ja hannu kamar mai jan guga, wai sun gani a telefon. Biyu daga cikinsu na zaune a nan yanzu suna sunkuyar da kai, ba zan faɗi suna ba.

Kwanaki sunka wuce ban sani ba, tunda dama ba ganinsa nake yi ba. Muryarsa dai na ji ta sauya wajen gaisuwa, gajeruwa, kamar mai riƙe numfashi. Sai wata rana da hantsi ina dawowa daga kogi na hango bayansa a lungu. Gwiwar hannun dama ta ƙi manne jiki, hannun hagu ya tallabe ta, kai ya karkata wajenta. Kafaɗar kuwa maimakon ta zagayo, sai ta yanke tsaye kamar kusurwar akwati. Wagga tafiya na san ta ko daga ƙetaren kogi. Tulun da ke kaina ban san lokacin da na sauke shi ba.

Na shiga gida na tare Ta Gwaggo tana tuƙa asida. Na ce, "Tun yaushe?"

Sai hawaye.

"Ke nake tambaya. Tun yaushe hannun uban Amna ya fita?"

Ta ce tun ranar kasuwar da ta wuce. Raina ya ɓaci. Kafaɗar da ta fita yau, yau ake mayar da ita, kafin nama ya farga. In ta kwana, nama ya ƙulle. In ta yi kwanaki, ramin da ƙashin ya bari ya fara cikewa, kuma akwai ranar da in ta wuce, ko Babana ya tashi daga kabari ba zai mayar ba. Mutum ya zauna da hannu kamar reshen da iska ta karya bai faɗi ba. Na duba lissafina na ga mun kusa da wannan rana.

Na aika ta ta ce mishi ya zo in duba. Ya aiko ta da cewa Inna ta yi haƙuri, ya ji sauƙi. Na sake aikawa, sai anka ce ya fice gona. Washegari na gwada dabarar Baba, na zauna bayan zana na sa matarsa ta zame mani hannu. Wannan ya yarda da shi. Amma abin da na yi shekaru ina koyo ba ya shiga yatsun mutum da safiya guda. Duk abin da na tambaye ta sai ta ce wajen da tauri, da ya yi nishi kuma sai ta saki ta fashe da kuka. Na ce kalas, ya isa, bar shi.

Kashegari da sassafe ya zo bayan zana ya tsuguna kamar kullum. "Inna, an tashi lafiya?"

Sai na miƙe na fito. Na zagayo zanar na tsaya a gabansa. Wallahi ni ma na ji kunya har cikin ɓargona. Ya zabura zai tashi ya gudu, sai na taka bakin jallabiyarsa, ya koma ya tsuguna, fuska a ƙasa.

Na ce, "Kana jin kunyata, ni ma ina jin taka. Tashi mu je mu ji ta tare a ɗaki."

Ya ce, "Inna, don Allah."

"Don Allah ɗin ne. Amna da ƙannenta hannun nan suke ci. In ya mutu, kunyarka za ka dafa musu?"

Na ɗage ƙafa, ya tashi ya shiga gabana kamar wanda za a kai yanka.

Jallabiyar ba ta ciruwa, sai da almakashi. Na fara da kafaɗar hagu, mai lafiya, sannan na koma dama. Na bi ƙashin wuya, lafiya lau. Na bi dantse ina matsawa ina saurare da yatsa, ban ji gurzar karaya ba, na gode ma Allah, don da samarin nan sun karya shi da magana ta ƙare. Kan ƙashin na same shi a gaba, ƙarƙashin ƙashin wuya, ya yi zamansa. Jijiyar wuyan hannu na bugawa. Yatsu duka suna ji, sai dai fatar gefen kafaɗa ta ɗan mutu, abin da ban so ba ke nan.

Na sa ya kwanta rub da ciki bisa angareb, hannun na reto ta gefe. Wannan ya yi mana daɗi mu duka, tunda fuskarsa na cikin igiya. Munka ɗaga ƙafafun gadon bisa tubali. Na ɗaura jarka a wuyan hannunsa da damuriya, babu komai cikinta, na ce ma Ta Gwaggo ta riƙa zuba ruwa da moɗa, kaɗan kaɗan, sai na ce ta ƙara. Ba a fin naman kafaɗa ƙarfi, gajiyar da shi ake yi. Na shafa mai mai ɗumi, na aza babban yatsa a ƙasan allon kafaɗarsa, na jira.

Rana ta ɗaga, inuwar ƙofa ta matsa, jarka ta yi nauyi, kafaɗa ko gezau. Kuma na san dalili. Duk inda hannuna ya sauka sai jikinsa ya ɗaure kamar itace. Ba zafi ke ƙulle shi ba, ni ce. Na ce ya saki jiki, ya ce to, ya ƙara ƙanƙamewa. Matarsa ta rufa mishi tob ɗinta, wato mayafi, a kai, bai yi amfani ba. Zufa ta jiƙa ni, yatsuna sun fara mutuwa, kuma in na ƙara ruwa fiye da haka jijiya zan ja mishi. Na ji tsoro sosai, don ban da wata dabara bayan wannan.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, ban kuma sake ba. Na kira sunansa.

"Yakubu."

Ya ɗauke numfashi. Ta Gwaggo ta saki moɗa.

Na ce, "Ranar da ka fara zuwa gaida maigidana marigayi Malam kan maganar yarinyar nan, da sabuwar jallabiya da rawani ya fi kanka girma, bisa keken aro. Ka tuna ragon layyarmu da ya tsinke ya bi ka? Ka faɗa ruwan hawasha har wuya, keke bisa kanka. Ka fito ka duba gabas ka duba yamma, ka ce ba wanda ya gani. Ka shiga cikin dawa ka shanya kanka a rana, hannuwa a buɗe kamar tsuntsun da ruwa ya doka."

Na ji bayansa ya motsa ƙarƙashin hannuna.

"To ina bisa rumbu ina shanya kuɓewa, na gani tun daga farko har ƙarshe. Ka shigo kana ɗigar ruwa, da ganyen dawa a rawani, kana ce ma Malam wai zufa ce. Da ka tafi ya tambaye ni, na ce mutumin da ya faɗa ruwa bai koma gida ba, ya shanya kansa ya iso, a ba shi."

Ta Gwaggo ce ta fara dariya, ta toshe baki da tob. Shi kuwa ya yi ta riƙewa, ya yi ta riƙewa, sai ta ƙwace mishi. Dariya ta girgiza shi har angareb na ƙara, kuma cikin dariyar na ji naman ya saki ƙarƙashin yatsana kamar ƙullin da anka zuba ma ruwa. Na tura ƙasan allon ciki, ɗaya hannun ya bi dantse ya juya shi kaɗan. Ba ƙas ta yi ba. Wani lugub ne mai nauyi, wanda hannu ke ji fiye da kunne. Ya yi salati da ƙarfi, dariyar ta koma kuka, na bar shi ya yi abinsa, ni ina kwance jarka.

Kuna tsammanin an gama ko? Nan telefon ɗinku yake yankewa. Kafaɗar da ta yi kwanaki a waje bakin raminta ya saki. In ba a ɗaure ta ta huta makonni ba, da ya ɗaga hannu za ta sake fita, kuma wadda ta fita sau biyu ta koyi hanya, ko atishawa ya yi sai ta bi. Na ɗaure hannun a ƙirjinsa da damuriya, na ce ma matarsa ta gaya mishi ba gona, ba ɗaukar ko buta.

Riɗi kuwa ba ya jiran kowa. In ya nuna ba a yanke ba, kwanson ya tsage, ƙwaya ta zube ƙasa, ba mai tsince ta. Na kowa kuma tare yake nuna, ga maza sun watse, babu wanda za ka kira gayya. Kwana biyu da ɗaurin na fito da asuba na gan shi yana saɗaɗawa wajen ƙofa, lauje a hannun hagu. Da ya gan ni ya koma ɗaki da baya.

Gidan ƙofa guda gare shi, 'yar tsukakkiya, sauran duk shingen ƙaya ne. Na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a bakin ƙofar, na zauna na miƙe ƙafafu daga wannan gefe zuwa wancan. Mata da yara su tsallake ni su wuce gona. Shi kuwa ko za a kashe shi ba zai tsallake ƙafar surukarsa ba, na sani, shi ma ya sani. Nan nake sallah, nan nake cin abinci, tun fitowar rana har masu gona su dawo.

Ta Gwaggo da Amna da ƙananan sunka yi iya yinsu. Amma gonar da namiji ya shuka da ƙarfinsa ba mace guda da yara ke yanke ta cikin lokaci ba. Wata rana da la'asar ɗiyata ta dawo hannuwa duk sun fashe, ta zube mani kwanson riɗi bisa tabarma, duk a buɗe, babu ƙwaya ko guda.

Ta ce, "Inna, dubi. Abincin jikokinki ne ke zuba, kurciyoyi na ci. Ke ba ki zo kin yanka ba, shi kin hana shi."

Na ce, "Na gani."

"Kin gani, shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kwashe ki ba ni wuri."

Sai ga muryarsa daga tsakar gida, ya tsuguna nesa, ya ba ni gefe. Bai bi ta bakin matarsa ba. Ya ce, "Inna, da hagu kawai zan yi. Wallahi ba zan motsa daman ba."

Na ce, "Hagu ya yanka, wa zai riƙe karan? Na san ka. Da ka ga dami a ƙasa za ka manta ka sunkuce shi."

"Inna, yara za su ji yunwa."

"Za su ji."

Na faɗe ta a bushe. Jikokina ne, ni na yanke ma kowannensu cibi. Na juya fuskata wajen lungu, ban kuwa janye ƙafa ba.

Abin da ya zube ya fi abin da munka tara. Shekarar nan sau guda a rana anka riƙa ɗora tukunya a gidanmu, wani lokaci dafaffiyar dawa ce kawai da gishiri. Wuyan Amna ya yi tsawo, ƙaramin ya daina wasa, ya koma zaman jingina da bango. Ta Gwaggo ta daɗe ba ta yi mani magana in ba gaisuwa ba, ban kuma ga laifinta ba. Da lokaci ya yi na kwance ɗaurin, na sa yana tafiyar da yatsu bisa bango, yau nan, gobe sama kaɗan. Hannun ya rame, yana rawa, ya tsaya daidai kafaɗa ya ƙi wucewa. Na ce a ci gaba. A raina kuwa ban san ko zai wuce ba, kuma in bai wuce ba, na zubar da riɗin yara a banza ke nan.

Da hanya ta buɗe munka koma ƙauye ganin abin da ya rage. Ɗakina babu ƙyaure, babu kwano, gungumen da ke ɗauke da rufi yana kwance a tsakar gida, da alama ya yi ma ɓarayi nauyi sunka yar. Maza sunka taru za su mayar. Ina zaune gindin bango ina tsince tsummokarana cikin ƙasa, na ɗaga kai sai na ga uban Amna ya kama kan gungumen shi kaɗai, wasu biyu sun kama ɗaya kan. Na buɗe baki zan hana, sai na rufe. Ya kai shi ƙirji. Ya gyara tsayuwa, ya tura, hannuwan nan biyu sunka miƙe tare har bisa kansa, na dama bai rage na hagu da komai ba, ya riƙe har anka ja gungumen bisa bango.

Yana sauke hannu ya waiga ya gan ni. Nan take ya sunkuyar da kai, ya ratse ta bayan ɗaki. Har yau bai sake kallon fuskata ba. Ni ma in ya wuce, kafaɗar kawai nake dubawa.